Motar da Ta Buge Salmatu

A kakar gyaɗar 1956, mako guda bayan an kafa alluna a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, mota ta buge Salmatu matar Ummaru tela a bayan garin Jibiya, tana dawowa daga gulbi da tulu a ka. Tsakanin inda ta faɗi da allo mafi kusa bai kai taku arba'in ba. Da jan fenti aka rubuta shi, boko a sama, ajami a ƙasa: DIREBA, RAGE GUDU. Aka kuma zana mota ta kife, ga ƙafafun wani bawan Allah sun leƙo ta ƙarƙashinta. Mutanen gari sun yaba zanen ƙwarai, har ana gardama a tasha a kan ƙafafun wa suka yi kama da su.

Ita Salmatu ba ta ga komai ba, don mai tulu a ka ba ta waiwaye. Ta tuna ta cika tulu, ta tuna ta hau hanya. Daga nan sai ta farka a kan tabarma, ba a ɗakinta ba, a ɗakin ƙurya na uwar mijinta Hajo, inda ake jibge tsofaffin tukwane da ƙore. Ƙafarta ta hagu kamar an cusa ta a murhu an manta.

"Inna, mi ya same ni?"

"Kamiyon mutanen Faransa ne, ɗiyata," in ji Hajo. "Irin manyan motocin nan masu gudu kamar an biyo su da sanda. Ya buge ki ya tsallake iyaka. Yanzu haka yana Maraɗi yana shan inuwa. Allah ya isa."

"Wa ya gani?"

"Allah ya gani. Kwanta."

Da azahar Ummaru ya shigo da Kalilu maɗori. Ba ta zaure ya biyo da shi ba, ta wurin da danga ta karye a bayan gida suka ratso, inda awaki ke bi. Kalilu ya ɗaga zane ya duba, ya juyo ga Ummaru.

"Ummaru, ƙashi ya huda fata. Wanga ba aikina ba ne ni kaɗai. Ku kai ta ɗakin magani a wanke ciwon, a yi mata allura, in ya so ni in ɗora."

"Ɗora dai, Malam Kalilu. Hannunka ya fi allurarsu."

Babu mai sana'ar da ba ya son jin irin wannan magana. Kalilu ya ja ƙafar, Salmatu ta suma, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi, ya fita ta inda ya shigo.

Washegari ta roƙi a kai ta ɗakin magani, wanda bai fi tafiyar a kira mutum ya ji ba daga gidan. Ummaru ya ce malamin wurin namiji ne, shi kuwa ba zai yarda wani ƙato ya buɗe cinyar matarsa ba. Salmatu ta tambayi kanta ko Kalilu mace ne. Rana ta uku ta sake roƙo, Hajo ta ce ai mutanen asibiti ba su san komai ba sai yanka, mutum ya je da ƙafa biyu ya dawo da sanda. Rana ta huɗu Ummaru ya ce in maganar ta fita, shari'a ce tsakanin Ingila da Faransa, za a yi ta jan su Katsina shaida har kaka ta wuce. Kowace rana da dalilinta, kuma babu wanda ya tuna dalilin jiya.

A ranar ce aka kwashe 'ya'yanta biyu aka kai Farfaru wurin gwaggonsu, wai kada su dame ta da hayaniya. A ranar ce kuma ta ji muryar Fatu maƙwabciyarsu a tsakar gida, wadda suka shekara goma suna zuwa gulbi tare.

"Inna Hajo, kwana huɗu ban ga Salmatu ba. Lafiya?"

"Ɗan tsautsayi ne. Ta hau rumbu ɗibar gero ta zamo. Barci take."

"To bari in leƙa ta ko daga bakin ƙofa."

"Na ce barci take, Fatu. In ta tashi zan gaya mata."

Salmatu ta buɗe baki za ta kira, sai ta fasa, don abin da ta ji ya fi ƙarfin ciwon. A cikin ɗaki kamiyon Faransa, a tsakar gida rumbu. Wanda baƙo ya cuta, shi ke fita ƙofar gida ya tara jama'a. Ita ba ta taɓa ganin gidan da ya rufa wa baƙo asiri ba, baƙon ma wanda ya gudu.

Da la'asar motar hukumar En'e mai lasifika ta biyo ta layinsu, kamar yadda take yi kullum tun da aka fara wannan gargaɗi. Hajo na daka a tsakar gida.

"Jama'a ku ji! Gudu ba gwaninta ba ne! Duk direban da ya buge mutum, za a karɓe lasin ɗinsa, ba shi ba sitiyari har abada! Duk wanda ya ga mota ta buge mutum, ya gaya wa ɗan doka!"

Taɓarya ta tsaya cak. Ba ta sake sauka a turmi ba sai da muryar ta yi nisa, ta koma wajen kasuwa. Salmatu tana kwance tana saurare. Mutumin da ba ya iya motsi, kunnensa ke yi masa yawo.

A gidan nan direba ɗaya ne, Lado, ƙanen Ummaru, mai jan motar gyaɗar wani attajirin Katsina. Shi ne abokin wasanta, kamar yadda kowane ƙanen miji yake ga matar wansa, sai dai nasu wasan ya yi suna a unguwa. Bai taɓa wuce ƙofar ɗakinta bai tsokane ta ba. "Matata, ina tuwona? Ko kin ba tsohon nan duka?" Ita kuma ta ce, "Tafi can, mijin da bai san hanyar cefane ba." Ya ɓoye mata muciya, ta zuba masa barkono a fura. Da ya sami mota, sai wasan ya bi shi har kan hanya. In ya hango ta da tulu, sai ya taka mai, ya karkato kamar zai bi ta kanta, ya danna ƙaho, ya kauce a taku na ƙarshe. Ta yi tsalle, ruwa ya jiƙa ta, ta bi shi da zagi, shi kuwa ya leƙo yana dariya. Tulu biyu ta fasa a haka, ya sayo mata sababbi, kowa ya ce wasa ne.

Kwana biyar ba ta ji muryar Lado ba, ba ta kuma ji kukan motarsa a ƙofar gida ba. Da ta tambaya aka ce motar na Katsina wajen gyara.

Rana ta shida ya zo. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar wanda ya zo gaida surukai, ya ajiye ƙunshin tsire da kwalbar man zafi irin na Maraɗi.

"Ina kwana, Yaya Salmatu. Yaya jiki? Allah ya sawwaƙe."

Shekara goma sha ɗaya tana gidan, bai taɓa ce mata Yaya ba. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta yi murmushi.

"A'a, mijina. Ka ga matarka a kwance shi ne ka gudu? Ko ka samo wata a Maraɗi mai ƙafa biyu?"

Ta ba shi ƙofa a buɗe. Ko da ranar da ta haihu, sai da ya leƙo ya ce jaririn bai yi kama da shi ba, a mayar. Yau kuwa ya dubi tabarma, ya dubi tukwane, ya dubi komai ban da ita.

"Allah ya ba ki lafiya, Yaya," ya ce. Ya tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu.

Daga nan ba ta ƙara tambayar kowa wace mota ce ba.

Ta jira Ummaru ya kawo mata kunu da safe, lokacin Hajo ta zaga.

"Malam, ran da abin ya faru, ina motar Lado take?"

"Katsina."

"Na ji ya tashe ta bayan sallar asuba. Ni na ba shi ruwan da ya zuba mata."

"Zazzaɓi ke sa ki magana."

"To. Zazzaɓi ne."

Ya ajiye ƙwaryar, ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya.

"A ce ma haka ne. Ban ce haka ne ba, na ce a ce. Kina so a riƙa nuna ki a garin nan, ga wadda ta kai ƙanen mijinta gaban alƙali? Keken ɗinkina ke ci da gidan nan, ko motar? Yaron nan kwana biyar bai ci abinci ba. Ke ba ki tausayinsa?"

"Ni ban ce alƙali ba, Malam. Asibiti na ce."

"Asibiti ai zauren alƙali ne. Suna gani za su rubuta, ɗan doka ya zo."

"Sai in ce kamiyon Faransa ne. Wallahi haka zan ce. Ko da Alƙur'ani aka ba ni."

Ummaru ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Duk motar da ta tsallake iyaka sai an rubuta ta, nan a rubuta, can wurin duwan, 'yan kwastan na Faransa, a rubuta. Ran nan babu wadda ta tsallaka kafin hantsi. Mota ɗaya ce ta bi hanyar da safe, kuma sun san ta."

Sai a lokacin ta gane cewa kamiyon Faransa ita kaɗai aka ƙera wa shi. Ba zai iya fita ko zaure ba.

"Ki yi haƙuri," in ji Ummaru. "Ƙashi ne, zai kama. Mutum nawa Kalilu ya ɗora suna yawo?"

Ba ta san abin da ya gaya wa uwarsa ba, amma daga ranar Hajo ta kwaso abawa da mazari ta dawo bakin ƙofar ɗakin da zama. In mai tallan nono ta yi sallama, sai ta tare ta tun a zaure. In Salmatu ta yi nishi da ƙarfi, sai ta ce, "A hankali, ɗiyata, danga ba bango ba ce." In ta yi shiru da yawa kuma, sai ta leƙo ta ga me take ƙullawa. Wadda aka karya ita ta zama abar tsoro a gidan. Ummaru ya daina haɗa ido da ita. Ya kan tambayi uwarsa a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa, "Ta yi magana da wani?" kafin ya tambaya ko ta ci abinci.

Ita ma ta fara shinshina kunu kafin ta sha, tana jin kunyar kanta tana yi. A nan kam ta zalunce su. Ba masu sa wa mutum magani a kunu ba ne. Mutanen kirki ne, masu salla a kan lokaci, ba su taɓa hana maƙwabci aron turmi ba. Ba abin da suka yi mata sai jira.

Kwana goma, ƙafar ta kumbura har kara ya nutse a cikin nama. Kwana goma sha biyu, ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin ɗaurin, ƙudaje suka gano ɗakin. Hajo ta kawo kasko ta riƙa zuba turaren wuta safe da yamma, har Fatu ta yi magana ta kan danga, ta ce ko biki za a yi ba a gaya musu ba. Yatsun suka yi toka-toka, sannan suka yi baƙi. Salmatu ta ce ta daina jin su. Hajo ta ce alhamdu lillahi, sauƙi ke nan, ciwo ya fara barin jiki.

Motar lasifika ba ta fasa zuwa ba. An ƙara mata da majigi a filin kasuwa, inda aka nuna wani direba mai gaggawa da wani mai haƙuri, mai gaggawar ya ƙare a rami. Lado ya je, har an ce ya zauna a gaba. Yakan aiko mata da nama kullum. Ba ta iya ci, sai Hajo ta cinye don kada a yi asara.

Rana ta goma sha bakwai Kalilu ya zo kwance ɗauri. Ya kwance rabi, ya juya kai, ya fita tsakar gida ya tofar da yawu. Bai rage murya ba.

"Ummaru, na gaya maka tun ran farko."

"A hankali, Malam Kalilu, a hankali. Ko wani sassaƙe za a nemo?"

"Sassaƙen uwar wa? Ƙafa ta mutu, tana jan sauran jiki. Shekara talatin ina ɗori, ba a taɓa fitar da gawa da karana a jikinta ba, ba kuwa za a fara a gidanka ba. In rana ta faɗi gobe tana ɗakin nan, ni da ƙafata zan je gaban Hakimi in faɗi abin da na gani. Kuma na san bambancin wanda ya faɗo da wanda taya ta bi."

Abin da roƙon kwana goma sha bakwai bai yi ba, sunan Hakimi ya yi shi kafin la'asar. Aka yanke shawara Katsina za a kai ta, babban asibiti, inda ba a san su ba. Hajo ta zauna kusa da kanta tana koya mata karatu.

"In sun tambaye ki, mi za ki ce?"

"Rumbu."

"Kina mi?"

"Ɗibar gero."

"Yauwa, ɗiyar albarka. Allah ya ba ki ladan rufin asiri."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa ta a bayan motar Lado, tsakanin buhunan gyaɗa, aka lulluɓe ta da zane har ka. Ummaru ya zauna a gefenta. A bakin gari suka tarar da wani sabon abu da aka fito da shi a makon: ɗan doka da tebur da agogo. Kowace mota sai ya rubuta mata lokacin tashi a takarda. A ƙofar Katsina wani zai karɓa ya duba nasa agogon. Wanda ya iso kafin awa ɗaya da rabi, ba sai an yi gardama ba, ya yi gudu, lasin ɗinsa ya hau tebur.

"Mi ka ɗauko, Lado?"

"Gyaɗa, ranka ya daɗe. Da iyalin yayana, za su gaisuwa."

Da ya ce marar lafiya ce, da wataƙila ɗan dokan ya rubuta a takardar a bar su su wuce. Amma da ya ce haka, da ɗan dokan ya ɗaga zane.

Suna barin gari Lado ya taka mota. Ko tsoro ne, ko nadama, ko kuwa ƙafarsa ce ba ta san wani taki ba, Allah ya sani. Kowane gargada sai Salmatu ta ji kamar an sare ta da gatari, amma ta cije zane ba ta yi kuka ba. Ta cikin zanen ta ga inuwar rassan itatuwa na wucewa ta samanta da sauri, ta ce a ranta, yau dai gudun yaron nan zai yi mini rana.

Sai motar ta rage gudu, ta sauka daga hanya, ta tsaya. Inji ya mutu.

Ta yaye zanen. Suna ƙarƙashin wata babbar tsamiya, ga motoci uku a jere, direbobi sun baje a kan tabarma suna shan fura, wani na yanke farce. Ta tsakanin katakon motar tana hango ganuwar Katsina.

"Malam, mun iso?"

"Inji ya yi zafi. Yanzu za mu tashi."

Daga ƙasa wani direba ya ɗaga murya. "Lado, kai ma ka zo jiran agogo? Ai yau ka yi wuta, awa guda kacal ka yi! Zo ka sha fura, da sauranka."

Ummaru ya sunkuyar da kai.

"Kira mini shi," in ji Salmatu.

Lado ya taka taya ya hau, ya riƙe katako, kansa kaɗai ya leƙo. Warin ya buge shi, ya daure.

"Lado."

"Na'am, Yaya."

"Ran nan, wasa kake?"

Ya dubi wansa, wansa na duban buhu.

"Wallahi wasa nake, Yaya. Na zo kaucewa yashi ya ja taya. Wallahi tallahi ban yi nufi ba."

"Na sani. Ban taɓa cewa ka yi nufi ba. Na yafe maka wancan." Ta numfasa. "Ga gari can ina gani. Tashi mu tafi."

Hawaye na zuba a fuskarsa, na gaske, ba na munafunci ba. Ya goge da hannun riga. Da hannun ya sauko, sai idonsa ya faɗa kan agogon da ke ɗaure a wuyan hannun.

"Saura minti ashirin da biyar, Yaya," ya ce.

Suka cika su cif. A ƙofar gari ɗan doka ya karɓi takarda, ya dubi agogo, ya buga hatimi, ya ce da duk direbobi irin Lado ne da shi ya huta.

A asibiti an tambaye ta, ta ce rumbu, tana ɗibar gero. Likita ya dube ta, ya dubi Ummaru, ya sake tambaya, ta sake faɗa. A yammacin aka yanke ƙafar daga cinya. Ran Alhamis ta rasu.

Ba minti ashirin da biyar ɗin nan suka kashe ta ba, kada a ɗora musu abin da ba su yi ba. Likita ya ce da sun zo mako guda kafin nan, da ƙafar kaɗai za a rasa, da sun zo ran farko kuwa da ba a rasa komai ba. Kwana goma sha bakwai ne suka kashe ta, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa mai kyau, a ɗakin da ke tsakanin mijinta da uwar mijinta, ana kawo mata kunu a kan lokaci. Har yau babu wanda ya ɗauka ya yi laifi a gidan. Hajo ta ce kwana ne ya ƙare. Ummaru ya ce duk abin da ake yi wa marar lafiya sun yi, har mota suka ɗauka. Lado ya rage gudu, ana ma ba da misali da shi a tasha. Da kaka ta ƙare aka yi shela cewa a bana mota ba ta kashe kowa a ƙasar Jibiya ba, gargaɗi ya yi amfani, jama'a suka ce madalla.

A zaman makoki masu gaisuwa suka yi ta tambaya wane rumbu ne, Ummaru ya riƙa nuna musu na kusa da turken awaki. Suka dube shi, suka girgiza kai, suka ce lallai ya yi tsawo da yawa. Bayan sadakar bakwai ya sa aka rushe shi, don kada ya ƙara kashe wani. Maƙwabta suka taya shi.